Bashi ko ba shi?

Kafin mu shiga zance, ga wata ƴar tambaya. Ku kwafe ta cikin kaye ko bisa allo, ku dube ta da kyau:

Gora ya fashe, a yanka ranar layya (4)

Kada ku yi gaggawa. Na san abin da ya zo muku a rai: gora ya suɓuce, fura ta zube, ga kuma babbar Sallah ta ƙarato. To, wannan duk tarko ne. Babu gora, babu fura. Lambar 4 da ke ƙarshe tana gaya muku cewa amsar kalma guda ce mai haruffa 4. Ku aje ta gefe, za mu komo kanta.

Ni malamar yaƙi da jahilci ce. Shekara 15 ke nan ina koya wa mata karatu da rubutu da lissafi a ƙauyukan jihar Maraɗi. Cikin shekarun nan na lura da wata cuta da ke kama kusan duk wanda ya koyi karatu da girmansa. Cutar ita ce kintace. Mace za ta ga "ka" a farkon kalma, sai bakinta ya riga idonta, ta ce "kasuwa", alhali "karatu" aka rubuta. Ba rashin basira ba ne. Babba ya daɗe cikin magana, ya san inda zance ya dosa tun ba a ƙare shi ba, sai ya ɗauko wannan hali ya kawo shi bisa takarda. A cikin aji abin dariya ne. Amma takardar magani da littafin asusu ba su san dariya ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na sa an maimaita har muryata ta dishe. Abin da ya taimake ni daga baya wani wasa ne na mutanen Ingila, kuma labarinsa nake so in ba ku.

Wasan kansa na san shi tun ina kolej. Cikin tsofaffin jaridun Faransanci da ake ƙunshe mana ƙosai da su, akwai wani zane mai gidaje kamar na dara, wasu farare, wasu baƙaƙe. Ana ba ka tambaya, ka rubuta amsa cikin fararen gidaje, kowane harafi da gidansa. Wasu kalmomi suna kwance, wasu suna tsaye, suna gitta juna. Inda biyu suka haɗu, dole harafin ya dace da dukansu. Da Faransanci ana ce masa "mots croisés", wato kalmomi masu gitta juna. Ni darar haruffa nake ce masa. Wani ɗan jarida haifaffen Ingila, Arthur Wynne, shi ya fara buga irinsa a wata jarida ta birnin Niyok na Amurka, ran 21 ga Disamba 1913. A wancan iri tambaya ba ta da kwana-kwana. A ce maka "dabbar kaya mai dogayen kunnuwa", ka rubuta jaki, shi ke nan.

Da wasan ya ƙetare teku ya isa Ingila, sai mutanen can suka ƙara masa yaji. Ga yadda na gamu da nasu. Wata shekara wata Baturiya ƴar Ingila ta zo yankinmu aikin lafiyar mata da yara. Tana jin Faransanci, amma Hausarta ba ta wuce "ina kwana" ba, sai aka ɗauke ni in yi mata tafinta wata uku. Kullum muna cikin mota, daga wannan ƙauye zuwa wancan. Da mun hau hanya sai ta zaro takarda mai irin zanen nan, da fensir. Ta yi shiru, ta yi shiru, har in ɗauka barci take. Can sai ta tuntsire da dariya ita kaɗai, ta rubuta kalma guda. Rannan direba ya kasa haƙuri, ya ce mini: "Malama, baƙuwar nan taki lahiya take kuwa?"

Na tambaye ta. Ta ce a irin nasu, tambaya tana faɗin amsa sau biyu cikin layi guda. Sashe ɗaya yana ba da ma'anar kalmar, kamar kacici-kacici. Ɗaya sashen ba ruwansa da ma'ana, shi yana nuna maka yadda za ka gina kalmar da haruffa. Gwanintar mai tambaya ita ce ya ɗinke sassan nan biyu su zama kamar zance guda, ya kai hankalinka wani wuri daban. Ta ba ni misali da Faransanci don in gane: "chien", wato kare, in ka sake jera haruffansa sai ya koma "niche", ɗakin kare. Ta ce a Turancinsu kuma akwai kalmar "flower". Kowa ya san fure take nufi. Amma mai tambaya yana iya raba ta biyu ya karanta ta da ma'anar abu mai gudana, sai amsa ta zama sunan wani kogi. Kana can cikin lambu kana neman fure, shi yana bakin ruwa yana jiran ka.

Na ce mata wannan sai harshen Turawa, Hausa ba ta yin haka. Ta ce in gwada tukuna. Daren nan ina kwance, idona ya faɗa kan goran da ke rataye jikin bango. Na rubuta shi a zuci: g, o, r, a. Na juya su, na sake juyawa. Sai na tashi zaune.

To, mu komo ga tambayarmu. "A yanka ranar layya" ita ce ma'ana. "Gora" shi ne kayan gini, haruffa 4 daidai da lambar. "Ya fashe" kuwa umarni ne: fasa kalmar, ka sake jera haruffanta. G, o, r, a su koma r, a, g, o. Rago. Kun ga hanya biyu sun kai ku gida ɗaya. Shi ya sa in ka sami amsa ba ka bukatar wani ya ce maka ka ci. A kacici-kacicinmu na dandali, in ka kasa sai ka ba da gari, mai tambaya ya faɗi amsa, ka karɓa ko ba ta gamshe ka ba. A nan kuwa kowane harafi shaida ne.

Ma'ana kusan kullum tana a farkon layi ko a ƙarshensa, ba ta zama tsakiya. Saboda haka aikin fari shi ne neman bakin ɗinki, inda ma'ana ta ƙare, dabara ta fara. Abin da ke tona asirin ɗinkin shi ne kalmar umarni: fashe, rikice, hargitse, watse, birkice, duk kalmar da ke nuna abu ya bar tsarinsa. In kun ga irinta, ku dubi maƙwabciyarta, ku ƙirga haruffanta. In sun yi daidai da lambar da ke ƙarshe, kun kama bakin zare.

Ranar da na fara kai wasan aji, da ƙyar na sha. Na rubuta a tabulo: "Ɗaki ya hargitse, sana'ar mai kalangu (4)". Suka karanta, suka dube ni. Babbar ajin, wata dattijuwa da duk muke ce wa Inna, ta ce: "Malama, mun baro daka, mun baro ɗibar ruwa, don mu zo wasan yara?"

Na ce: "Inna, ki yi mini haƙuri na minti goma. In bai yi ba sai mu koma lissafi."

Dama na yayyanka kwalin sukari, na rubuta harafi guda bisa kowane yanki. Na jera ɗ, a, k, i bisa tabarma gabanta, na ce ta hargitsa ɗakin da hannunta. Ta tura wannan, ta jawo wancan, tana gunaguni. Ta sami "akiɗ", ta ce wannan ba Hausa ba ce. Ta sake turawa. Sai ta tsaya. Ta ɗora yatsa bisa k, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, leɓunanta na motsi. "Ki... ɗa. Kiɗa! Ikon Allah, ashe kiɗa na cikin ɗaki!" Aji ya ɗauki shewa. Wata ta ce ai dama can ake yin sa in an kawo amarya.

Abin da na gani ranar nan shi ne Inna ta bi kalma tun daga farkonta har ƙarshe, ba tare da na tsawata ba. Wasan ba ya ba kintace wuri. In ka tsallake harafi guda, yankin kwali zai rage a hannunka yana kallon ka. Wata ta rubuta "kida" bisa allonta, maƙwabciyarta ta ce ba ta ci ba: "Ɗaki da ƙugiya ya zo, ina kika kai ƙugiyar?" Wata uku ina fama da su kan ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, ga shi yau su ke yi wa juna gyara.

Wadda suka fi so ita ce wannan: "Takura ta watse, abin da ya tara mu nan (6)". Kwana biyu suka yi kanta. Ku ma ku yanka kwali ku gwada: t, a, k, u, r, a. Amsar ita ce abin da kuke yi yanzu haka.

Fasa kalma ba ita kaɗai ce dabara ba. Akwai ɓoyo, kuma ita ce ta fi burge ni:

Kura na ɓoye abin da ke fitowa daga gabas (4)

Mai karatu zai ta tunanin dawa da kukan kura. Alhali amsar tana gaban idonsa, a rubuce, ba a ko motsa harafi guda ba. Ku rubuta "kura na" ku share filin da ke tsakaninsu: kurana. Ku rufe haruffa biyu na farko da yatsa. Rana. Kalmar "ɓoye" ita ce umarni. Ga ƙanwarta: "Ka zauna, a ciki akwai mai ƙwai (4)". Mai ƙwan nan ba ɗan talla ba ne. Ku dubi cikin "ka zauna", kaza ce ke kwance.

Akwai sare kai. "Biri babu kai, a shuka shi (3)": cire b, ya rage iri. "Kaya babu kai, ana noma ta a ƙasar Maraɗi (3)": aya. Akwai cusa ƙaramar kalma cikin babba, kuma wannan mako guda ta ci musu: "Saurara cikin tuwo marar miya, ladan wuni a gona (6)". Saurara shi ne "ji", tuwo marar miya "gaya". Sa ji a tsakiyar gaya: ga-ji-ya. Akwai kuma haɗi, inda ƙananan kalmomi biyu ke matsowa su zama ɗaya. "Daina kai loma, abin yi bisa gado (5)". Daina kai loma shi ne "bar ci". Matso da su: barci. Ku riƙe wannan ta haɗi, labarina zai biyo ta kanta.

Akwai wata dabara da mutanen Ingila ke ji da ita, mu kuwa ba ta yi mana: kalmomi biyu masu sauti ɗaya amma rubutu daban. Turancinsu cike yake da su. Tamu matsalar kishiyar tasu ce: rubutu ɗaya, faɗi daban. Rubutun boko ba ya nuna hawa da saukar murya, ba ya nuna inda aka ja wasali. Ku dubi "gari": na sarki ne ko na tuwo? Ku dubi "baƙi": launi ne, ko waɗanda suka sauka gidanka, ko kuwa abokin wasali da muke koyo a darasin farko? Da can a Nijar ana ninka wasalin da aka ja, a rubuta "gaarii" na tuwo, "garii" na sarki. Bayan taron da masana suka yi a Yamai cikin 1980 aka daidaita rubutunmu da na Nijeriya, aka bar ninkin. Ni dai da an tambaye ni, da na ce a bar mana shi ko da a watannin farko na aji. Amma abin da ke wahalar da mai koyo shi ke ciyar da mai wasa. Sai ka jera ma'ana biyu kawai, babu umarni: "Itacen miya, aikin jinjiri (4)". Kuka. Ko wannan: "Uwar uwa a lokacin girbi (4)". Kaka. In kun ga tambaya gajeruwa, babu kalmar fashewa ko ɓoyo, ku yi zaton irin wannan ce.

Wata rana suka kama ni. Na rubuta: "Uwa ta juyo, aikin mai tiya a kasuwa (3)". Nufina a karanta "uwa" daga ƙarshe zuwa farko, a sami "awu". Juya kalma irin haka da wuya take yi a Hausa, tun da kalmominmu kusan duka da wasali suke ƙarewa, kaɗan ne kuma ke farawa da shi, shi ya sa na yi murna da na samo ta. Suka ƙi. Suka ce su "awo" suke cewa, kuma haka na rubuta musu a darasin kasuwa. Inna ta ce: "Malama ta yi muna zamba." Na so in yi gardama, don akwai masu cewa awu. Amma gaskiyarsu ce, ba da ita na koya musu ba. Na ɗauki tsumma na share.

Wannan rigima ta adalci ba mu muka fara ta ba. Cikin waɗanda suka kafa irin wasan a Ingila akwai Edward Powys Mathers, wanda ya riƙa bugawa a jaridar Observer daga 1926 har ya rasu a 1939. Ya laƙaba wa kansa suna Torquemada, sunan wani alƙalin kotun addini na ƙasar Sipaniya da ya shahara da azabtar da mutane, kuma tambayoyinsa sun ci sunan. Wanda ya gaje shi, Derrick Macnutt, malamin makaranta ne mai koyar da Latin da Girkanci, laƙabinsa Ximenes. A 1966 ya fitar da littafi kan ƙa'idojin wasan. Abin da shi da mabiyansa suka tsaya a kai shi ne: ma'ana ta zama ta gaskiya, dabara ta kai ka ga haruffan daidai, kada kuma a saka wata kalma ta banza don ado kawai. Mai tambaya yana da izinin sa wa magana riga ta ruɗe ka. Ba shi da izinin yi maka ƙarya.

Ba kowa ke bin ƙa'idojin sau da ƙafa ba, amma amana tsakanin mai tambaya da mai amsa ita ce jarin wasan. Akwai wani limamin coci, John Graham, mai laƙabi Araucaria, da ya fi shekara 50 yana tsara wa jaridar Guardian. Da ciwon daji ya kama shi yana da shekara 91, ta cikin wasan ya sanar da masoyansa. Suna cike gidaje, sai sunan ciwon da wurin da ya kama suka fito cikin amsoshi. Jaridar ta buga shi a Janairu 2013, ya rasu a Nuwamba na shekarar.

Yanzu ga labarin da na yi muku alkawari. Cikin ajina akwai wata matar aure mai ƴaƴa uku, marar yawan magana. Mijinta ya tafi haƙar zinariya can arewa da Agadas. Da, in ya aiko saƙo ta salula, sai ta kai wa yaron kanti ya karanta mata, duk unguwa ta ji sirrin gidanta. Wannan ne ma ya kawo ta aji. Rannan ya aiko kuɗi, ya biyo su da saƙo. Ga yadda ya rubuta:

"Na aiko jika 40. Inna bata jika 10. Kawu in yazo bashi jika 10. Saura ki sai hatsi."

Ta karanta da kanta, ta raba kuɗin, kawu ya zo ya karɓi nasa. Kwana biyu sai uwar mijin ta sa wani jikanta ɗan lakkwal ya sake karanta mata saƙon. Yaro ya karanta abin da ya gani: "bashi jika 10". Tsohuwa ta ce to, ashe rance ne, ƙanenta zai biya da kaka. Kawu ya ce shi kyauta ɗan ƴar'uwarsa ya yi masa, ba ya cin bashin yaron da ya goya. Magana ta yi zafi, har ya daina shiga gidan gaisuwa. Mai saƙon kuwa yana inda salula ba ta shiga, sai ya fito gari, wani lokaci mako uku.

Ta tsaya bayan an tashi aji, ta miƙo mini salular. "Malama, ki duba mini. Mi ya ce?"

Na karanta, na ga inda gizo ke saƙa. Amma ban faɗa mata ba. Na ce: "Ƴar'uwa, kwafe shi bisa allo, yadda yake. In gida ɗaya ya gagare mu a dara, mi muke yi?"

Ta ce: "Mu duba kalmomin da sunka gitta shi."

Ta kwafe. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ja layi ƙarƙashin "bata". Ta ce salularsa ba ta da ƙugiya, to ko "ɓata" yake nufi? A'a, Inna ba ta ɓata ba, tana gida. "Ba ta" ne, ya manne su. Ta ja layi ƙarƙashin "yazo", ta ce wannan ma "ya zo" ne. Ta ɗago kai. "Malama, mutumin ga manne ƙananan kalmomi shikai, kamar bar ci da barci. Wanda ya rubuta bata da yazo, in ya rubuta bashi, ba shi yake nuhi." Ta ƙara da cewa in rance ne, maganar ba ta cika ba: in kawu ya zo, a yi mi? Dole akwai abin da aka ce ta yi.

Ku lura, ƴan'uwa, ita ce za ta ci riba in rance ne. Jika goma za su komo gidanta da kaka, ga yara uku. Ta san haka sarai. Ta yi shiru kaɗan, ta ce: "Ai ba abin da nike so za ni karantawa ba."

Sauran aiki shi ne faɗa wa tsohuwa, kuma kun san kunyar suruka. Ba ta iya tsayawa gaban uwar miji ta ce jikanki ya yi kuskure, ke ma kin yi. Sai ta bi ta wurin Innar ajinmu, wadda ƙawar tsohuwar ce tun suna ƴan mata. Inna ta tafi da allo a hannu, ta nuna mata layukan. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe, ta ce: "Karatun wata huɗu ne zai koya mini maganar ɗan da na haifa?" Ba ta sauka ba. Amma ta daina aika wa ƙanenta saƙon tuni, ta ce a jira mai magana.

Da ya fito gari ya kira, aka taru aka sa salula a tsakiya. Ya ce: "Ba shi na ce." Kawu ya gyara zama. Tsohuwa ta ce: "To, ba shi kyauta ko ba shi rance?" Sai aka ji shiru. Can ya yi dariya, ya ce wallahi shi bai yi tunanin wannan ba. Kawu ne. In ya samu ya maido, in bai samu ba shi ke nan.

Kun ji. Ɗalibata ta warware haruffan daidai, amma mai tambayar bai bi ƙa'idar Ximenes ba. Kowane ɓangare ya tashi yana cewa shi ya ci. Da kaka ta yi, kawu ya aiko da damin gero biyu gidan. Bai ce biya ba ne, ba a kuma tambaye shi ba.

Makon da ya biyo bayan kiran, na ce kowace ta zo da tambayar da ta tsara da kanta. Matar nan ta fito gaban tabulo, abin da ba ta taɓa yi ba sai an kira ta. Ta rubuta:

Miƙa masa, amma sai ya biya (5)

Duk ajin ya san labarin, saboda haka dariya ta riga amsa. Sai gardama ta tashi kan lambar. Wasu suka ce 4 ya kamata, tun da na koya musu cewa "sh" baƙi guda ne a jerin haruffan Hausa, kamar "ts". Gaskiya ne, haka na koya musu. Wasu suka ce a kwali yanki biyu ne. Muka yi shawara, muka tsaya kan cewa a dararmu kowace alama da gidanta, s da nata, h da nata. In kun kai wasan ajinku, ku yanke wannan tun farko, kada ya raba ku.

Inna ce ta fito ta ƙarshe. Ta riƙe alli kamar mai riƙe muciya, ta ɗauki lokacinta, ta rubuta tata. Ta ce kada in faɗa wa kowa amsa, ko a littafi. Ga ta nan yadda ta rubuta ta:

Tasa ta kife, aikin ɓarawo (4)